Injin da ke cinye aikinmu ba a garinmu yake ba

Rubutun nan da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai bayan lakca.

Makon da ya wuce muna zaune a inuwa bayan azahar, wani ƙanena ɗan aji uku ya matso ya ce, "Yaya, don Allah ka faɗa min gaskiya. Wannan digirin da muke shan wahala a kansa, in ChatGPT yana rubuta abin da muke kwana muna rubutawa cikin minti ɗaya, wa zai ɗauke mu aiki?" Na yi dariya na ce masa Allah ne mai bayarwa. Ya ce ya sani, amma ai tarihi ya ji nake karantawa, to shi tarihin me ya ce? Nan dariyar ta tsaya, don ni ma tambayar tana ci na a rai. Kuɗin rajistar mastas ɗina na shekarar farko da fassara na haɗa shi, daga Turanci zuwa Hausa, ga wata ƙungiya mai zaman kanta. Yanzu abin da na'ura ta riga ta fassara suke turo min, su ce in ɗan duba kawai, kuɗin kuma bai kai rabin na da ba. Wani lokacin ma gyaran ɓarnar ya fi sabuwar fassara cin rai.

Ban ba shi amsa ranar ba. Ƙarshen mako na hau mota daga Jalingo na je gida Sunkani, na tarar da kawuna a zaure. Shi mai buga tafireta ne tun zamanin jihar Gongola, kafin a yanko Taraba a 1991. Ya koyi bugu ba ya kallon yatsunsa, ya san kabon, ya san sitensil, a lokacinsa babu wata takarda da za ta fita daga ofishinsu ba ta bi ta hannunsa ba. Na ce, "Kawu, da kwamfuta ta zo, korar ku aka yi?" Ya ce, "Ina! Ba wanda ya kore mu. An dai daina kawo mana takarda. Kana zuwa da safe, ka share tebur, ka zauna, ka ga yaro sa'an ɗanka ya wuce da fayil zuwa ɗakin da aka sa esi." Haka ya zauna har ritaya. Da ya bari ba a ɗauki wani a gurbinsa ba. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo mata.

Bari mu koma baya sosai, mu je Kano.

A 1851 wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawon ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya sauka Kano. A shekarar ce ma ya gangaro har Yola. Abin da ya fi ba shi mamaki a Kano shi ne tufafi. Ya rubuta cewa saƙar Kano tana kaiwa Murzuk da Ghat da Tarabulus ta arewa, tana kaiwa Timbuktu ta yamma, ya kuma ƙiyasta abin da ake fitarwa waje duk shekara da aƙalla wuri miliyan 300. Ku tsaya ku lissafa hannayen da ke cikin riga guda. Manomi ya noma auduga. Mata a cikin gida su gurje ta, su shiɓe, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya saƙa. Marini ya tsoma a karofi da baba. Mabugi ya buge ta har ta yi sheƙi, irin turkuɗin Kura da Buzaye ke rububi. Maɗinki ya haɗa, dillali ya nemo mai saye, fatake su ɗora wa jakuna da raƙuma, mai masauki a zango ya ci nasa rabon. Ba ma'aikata guda mai hayaƙi, amma ƙasa ɗungurungum ita ce ma'aikatar.

A daidai lokacin, can Ingila, injin kaɗi da injin saƙa sun riga sun cika Manchester da kewayenta. Kuma mutanen da injin ya fara taka wa wuya 'yan ƙasar ne. Daga 1811 masu sana'ar hannu a Nottingham da Yorkshire suka riƙa shiga ma'aikatu da dare suna farfasa injuna, su ne ake kira 'yan Ludd. A 1812 majalisa ta mai da fasa inji laifin kisa, a 1813 aka rataye wasunsu a York. Duk wanda zai yi muku lakca kan fasaha sai ya kawo labarinsu, yawanci don ya nuna wautarsu. Ni abin da ya tsaya min a labarin daban ne: su suna da injin da za su fasa. Suna ganinsa, sun san mai shi, sun san ƙofar gidansa. Matar da ke kaɗi a Kura ko a Zariya ba ta taɓa ganin abin da ya karya mata kasuwa ba. Ita dai ta ga akoko da alawayyo sun fi araha, ta ga zaren kanti ya shigo, ta ga mai sayen zarenta ya rage zuwa. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuni na sinadari. Ba marinin da aka yi shawara da shi, amma sannu a hankali abin ya iso bakin karofinsa.

Kada in yi muku ƙarya in ce sana'ar ta mutu dare ɗaya. Wallahi ta yi taurin kai. A 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa ƙungiyar noman auduga ta BCGA, da burin Arewa ta zama gonarsu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, suna murna auduga za ta kwarara zuwa Legas. Sai suka tarar masaƙan gida suna biyan manomi fiye da abin da su suke tayawa, manoma kuma suka karkata ga gyaɗa, daga 1912 kasuwarta ta buɗe. Saƙar hannu ta ƙara shekaru da dama tana numfashi. Amma kaɗi, wanda shi ne kuɗin hannun matan da ke cikin gida, ya yi ta ja da baya har ya zama labari. Kakata ta wajen uwa da kuɗin kaɗi ta haɗa wa 'ya'yanta kayan ɗaki. Mahaifiyata ta san mazari da ido. Ƙannena mata sai a hoto.

Shi jirgin ƙasan kansa inji ne, kuma ya yi wa fatauci abin da muke tsoron ƙirƙirarriyar basira za ta yi mana. Hanyar Sahara zuwa Tarabulus, wadda aka yi ɗaruruwan shekaru ana bi, ta kasa gasa da jirgin ƙasa da na ruwa. Su wa suka tsallake? Masu jari da masu sanin mutane. Alhassan Dantata fataucin goro yake yi tsakanin Kano da Gwanja, da ya ga inda iska ta kaɗa ya shiga sayen gyaɗa, ya zama attajirin da har yau ake ambata. Masu jakuna sun samu aikin kai buhuna tasha na wani lokaci, kafin manyan motoci su karɓe. Shi kuwa ɗan alaro da mai jan raƙumi, ba wanda ya rubuta inda suka ƙare. In kun ji masana tattalin arziki suna cewa fasaha tana kashe aiki ta haifi wani, gaskiya suka faɗa. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne wanda ya rasa da wanda ya samu ba mutum ɗaya ba ne, sau da yawa ma ba garinsu ɗaya ba.

To yanzu ga inda labarin ya juye, kuma nan ne nake so ku nutsu.

Da aka kafa gwamnatocin yankuna, gwamnatin Sardauna ta ce in dai inji ne ke cinye mu, a kawo injin gida. Aka haɗa hannu da kamfanin David Whitehead na Ingila, masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957. Nortex ta biyo, UNTL ta zo a 1964 da jarin 'yan Hong Kong, Arewa Textiles ta zo da Japanawa. Kano ma ta cika da nata a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Me ya faru da aikin yi? Ƙaruwa ya yi. Kakuri ta zama gari a cikin gari. Mutane suka taso daga Borno, daga Filato, daga Benuwai, daga nan yankinmu, suka zama ma'aikatan shif. Mai abinci ta samu, mai gidan haya ya samu, tela ya samu, manomin auduga a Funtuwa da Gusau da Gombe ya samu mai saye. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta yi ƙarfin da daga cikinta Adams Oshiomhole ya fito, a Arewa Textiles ya fara aiki. Lokacin da Arewa ta fi kowane lokaci yawan injuna shi ne lokacin da ɗan talaka mai takardar firamare yake samun albashi da fansho a kamfani.

Sannan aka fara gangara. Tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran inji da sinadarai suka yi tsada. Wutar NEPA ba tabbas, baƙin man da ake kunna tukunyar ma'aikata da shi ya yi wuya. Injunan suka tsufa ba a sabunta ba. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, ga fasa-ƙwauri ta iyakar Nijar da Binin ba dare ba rana. China ta shiga ƙungiyar cinikayya ta duniya a 2001 da sababbin injuna da wuta mai araha. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Kantin Kwari bai mutu ba, cika ma ya ƙara yi, sai dai abin da ke cikinsa daga wani wuri ake saƙo shi. Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya yi shekaru sama da ashirin a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Ya dawo Sunkani da katin shaidar aiki da tari, yana noman masara, har gobe yana jiran haƙƙinsa. Na taɓa tambayarsa ko injin zamani ne ya karɓe masa aiki. Ya ce, "Yaro, ai da an kawo injin zamanin da ban dawo ba."

Kun ga abin da nake nufi? Sau biyu a cikin ƙarni ɗaya da rabi Arewa ta yi asarar sana'ar tufafi, sau biyun kuma injin da ya yi ɓarnar yana wata ƙasa. Na farko a Manchester, na biyu a China. Mu namu shi ne mu saya.

Na kusa-kusa kuwa kun gani da idonku. MTN da Econet sun fara a 2001, layi yana tsada kamar me, sai ga 'yan mata da samari a gindin lema suna sayar da kira minti-minti. Sana'a ce sabuwa fil, ta ciyar da gidaje, ba ta yi shekara goma cikakku ba waya ta shiga aljihun kowa, lemar ta naɗe. Wasu suka koma sayar da kati, shi ma banki a waya ya cinye shi. Yau a gurbin lemar akwai mai POS, wanda a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ya fi manajan banki daraja. Kada wanda ya ɗauka ita ma ta zauna kenan. A bakin makaranta ma haka: matar da ta buga min furojet ɗina na digirin farko tana da kwamfuta uku da yara biyu masu bugu. Da na leƙa kwanaki, saura ita kaɗai da injin fotokwafi. Ta ce yanzu kowa a wayarsa yake rubutawa, firintin kawai yake kawowa.

Har gona abin bai bari ba. Muna yara, da damina ta kankama za ka ga 'yan ƙwadago sun cika Sunkani, noman fari, maimai, a yi ciniki da kunya-kunya ko da gona sukutum. Yanzu mutum ɗaya da famfon feshi a bayansa da galan na maganin ciyawa ya gama abin da mutane da yawa za su kwana biyu suna yi. Manomi ya huta, gaskiya ne, ni ma ban ce a koma fartanya ba, na san ciwon bayanta. Amma kuɗin da a da yake shiga aljihun yaron ƙauye, ya sayi keke ko ya tara na aure, yanzu mai shagon magani yake karɓa, ya tura wa dila, dila ya tura inda aka haɗa sinadarin. Shi yaron yana Jalingo yana neman wanda zai ba shi Keke Napep haya.

To mu dawo kan tambayar ƙanen nan nawa.

Mutum-mutumi irin na fim, mai hannu da ƙafa, a ganina ba shi ne matsalar Taraba ba a nan kusa. Inji irin wannan inda albashi ya yi tsada ake kai shi, kuma wuta yake ci. Mu da a 2024 aka lalata turakun layin Jos zuwa Gombe muka yi kwanaki a duhu, muna bin masu janareto da caja a hannu? Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ma ta ce sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba aikin ofis ko na kamfani mai rajista suke yi ba. Asusun IMF a farkon 2024 ya ƙiyasta cewa ƙirƙirarriyar basira za ta taɓa kusan kashi 60 na ayyuka a ƙasashe masu arziki, amma kusan kashi 26 ne a ƙasashe matalauta. Wasu sun karanta wannan sun yi hamdala. Ni da na karanta gabana ne ya faɗi, don na tambayi kaina: su waye a cikin ɗan kason da za a taɓa a irin ƙasashenmu? Ba mai gyaran babur ba ne. Ba mai suya ba ne, ba ungozoma ba ce, ba mai haɗa bulo ba. Mu ne. Masu rubuta rahoto, masu fassara, masu shigar da alƙaluma, masu zana fosta, masu amsa kiran kwastoma, masu haɗa takardar neman tallafi. Duk ƙananan ayyukan da mai sabon digiri yake fara riƙewa bayan bautar ƙasa kafin ya san kan aiki.

Nan maganar Kawu take dawowa. Ba za a kore mu ba, tunda ba a ma ɗauke mu ba tukuna. Ofishin da a da zai nemi mutum huɗu zai nemi ɗaya ya biya masa data. Ba zanga-zanga, ba labari a rediyo, don ba wanda aka sallama. Za a dai daina kawo takarda. Kuma wanda bai yi ƙaramin aiki ba, ta ina zai koyi babba?

Ban ce ku gaskata duk wani hasashe ba fa. A 2013 wasu masana biyu a Oxford, Frey da Osborne, sun ce kashi 47 na ayyukan Amurka suna cikin haɗari, an yi ta yayatawa, shekaru sun wuce Amurkawa ba su zauna a gida ba. A 2016 Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin iyayen wannan fasaha, ya ce a daina horar da likitocin duba hoton asibiti don na'ura za ta maye gurbinsu. Har yau ana neman su ruwa a jallo. Masu sayar da abu suna da dalilin zuzuta shi, masu tsoro ma suna da nasu. ChatGPT kansa sai a Nuwamban 2022 ya fito, jiya-jiya kenan a ma'aunin tarihi, duk wanda ya ce muku ya san ƙarshen abin ya fi ƙarfin iliminsa.

Abin da na tabbatar da shi shi ne inda injin yake. Yana Amurka, yana China. Mu muna biyan kuɗin wata da dala, muna zuba masa rubutunmu da muryoyinmu da hotunanmu kyauta. Inda aka ba 'yan Afirka aiki a cikinsa, ku duba wane iri ne: a Janairun 2023 mujallar Time ta ba da labarin ma'aikata a Kenya da aka sa su tantance munanan rubuce-rubuce don tsabtace ChatGPT, ana biyansu ƙasa da dala biyu a awa. Wannan ai noman auduga ne aka sake wa suna. Ka kawo ɗanye da araha, a sarrafa a can, a dawo maka da shi ka saya. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, kuma duk Hausar da na'urorin nan suka iya daga rubutun mutanenmu suka tsince ta, jaridu da littattafai da abin da muke zubawa a Facebook. Marubutan ba su san an yi ba.

Shi ya sa nake jin haushi in na ga an mai da maganar ta zama ta satar amsa kawai. Malamai suna farautar wanda ya sa ChatGPT ya rubuta masa asayimen, ɗalibai suna neman dabarar ɓoyewa, an tsaya nan. Eh, wanda ya bari na'ura ta yi masa tunani shekara huɗu ya cuci kansa, ya fita da takarda ba komai a ka, kuma shi ne farkon wanda na'urar za ta maye. Amma tambayar da Sardauna ya yi a kan yadi ita ce ban ji muna yi ba: wane ɓangare na wannan abin za a iya yi a nan, da hannunmu, ya zama namu? Akwai masu ƙoƙari. Ƙungiyar Masakhane tana haɗa masu bincike na Afirka kan harsunanmu, akwai 'yan HausaNLP, yawancinsu 'yan Arewa ne irinmu, gwamnatin tarayya ma ta buɗe shirin 3MTT a 2023. Sai dai darasin Kakuri yana nan: kafa abu daban, riƙe shi daban. Masaƙun nan ba rashin ma'aikata masu hazaƙa ne ya kashe su ba, wuta ce da manufa da sakaci. Ɗalibin da ya koyi haɗa manhaja a garin da ba wuta, ba intanet mai ƙarfi, ba mai zuba jari, ƙarshenta Legas zai tafi ko ya bar ƙasar, mu sake zama masu saye.

Ranar Litinin na nemi ƙanen nawa na ba shi abin da ya sawwaƙa. Na ce kada ya bar karatu, kada kuma ya guji na'urar, ya koye ta har ya san inda take ƙarya, don tana yi, ta taɓa lissafo min sunayen littattafan tarihin Muri da ba a taɓa rubutawa ba. Na ce ya haɗa digirin da wani abu da sai an zo Taraba ake saninsa: Mumuye ko Fulfulde ko Jukun da yake ji, ƙasar noma, kasuwar hatsi, mutanen da suka yarda da shi. Ya ce, "Yaya, wannan ai ba tabbas ba ne." Na ce ba tabbas ba ne. Ni ma fassarar ban daina karɓa ba, da rabin kuɗin, don rajistar shekara ta biyu tana tafe.

Tafiretar Kawu tana nan a ƙarƙashin gadonsa cikin akwatinta, ya saye ta lokacin da aka yi gwanjon tsofaffin kayan ofis. Wani lokaci maƙwabta sukan kawo masa yarjejeniyar sayen fili ko jinginar gona ya buga musu, don shi ya san yadda ake tsara maganar yadda ba za a yi rigima daga baya ba. Da zan taho ya ce in duba masa ribon a Jalingo, nasa ya bushe. Na zaga shago huɗu a kasuwa. A na ƙarshen, yaron shagon ya tambaye ni mene ne ribon.